Yadda Ake Renon Matashin Mai Bincike a Fannin Lafiyar Yara da Garkuwar Jiki Kan Zazzaɓin Cizon Sauro

Ranar da aka fara ba ka ɗalibi, babu wanda zai zaunar da kai ya koya maka yadda za ka riƙe shi. An koya maka ɗibar jini da karanta gilashi a madubin likita da rubuta maƙala, amma renon mutum sai dai a ce ga shi nan, ka ji da shi. Ni ma haka aka yi mini. Na riƙe likitocin yara da suka shigo bincike daga ɗakin jinya, na riƙe 'yan ɗakin gwaje-gwaje da ba su taɓa ganin yaro yana jijjiga ba, na riƙe masu digiri na biyu da na uku da waɗanda suka gama suna neman tsayawa da ƙafarsu. Tsarin da zan shimfiɗa a nan shi ne wanda na zauna a kansa bayan na yi tuntuɓe sau da dama.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a 2023 an samu kamuwa da maleriya miliyan 263, aka rasa rayuka 597,000, kuma kashi 95 cikin 100 na mace-macen a yankin Afirka ne, kusan uku cikin huɗunsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da ke ci mini rai shi ne, matasa da yawa daga ƙasashen da cutar take suna shiga wannan fanni da zafinsu, su ƙare a matsayin masu tara wa wasu jini. Don haka ka sa wannan a gabanka tun yau: wanda ya shigo hannunka ya fita da tambayarsa ta kansa, da maƙalar da sunansa ne a farko, da kuɗin binciken da shi ya nemo.

Abin da za ka tanada kafin ya iso

Lokaci shi ne kaya na farko, kuma shi ne ya fi tsada. Awa ɗaya a kowane mako, a rubuce cikin kalandarka kamar yadda ake rubuta ranar asibiti. In ba za ka iya ba, kada ka karɓi ɗalibin.

Sai takardar yarjejeniya mai shafi ɗaya ko biyu, da littafin aiki mai ɗinkakken bango da lambar shafi, wanda ba a yagar takarda daga cikinsa. Sai rubutattun ƙa'idojin kowane gwaji da ake yi a ɗakinka. In har yanzu a kan babban ma'aikacinka suke, ba a takarda ba, ku zauna ku rubuta su kafin ɗalibin ya zo.

Kana buƙatar samfuran jini ko bayanai da ke da izinin amfani, waɗanda zai iya taɓawa cikin watanni uku na farko. Kwamfuta mai R don lissafi, Zotero don adana maƙalolin da ya karanta, REDCap ko ODK don shigar da bayanai, da lambar ORCID, lambar shaidar mai bincike, da zai buɗe wa kansa. R da Zotero da ORCID duk kyauta ne.

Na ƙarshe, jagora na biyu. In kai ɗan benci ne, wato mai aikin ɗakin gwaje-gwaje, nemo masa likitan yara ko masanin ƙididdiga. In kai likita ne, nemo masa wanda ya san garkuwar jiki ciki da bai. Wannan mutum yana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: shi ne wanda ɗalibin zai kai wa kuka ranar da kai ne matsalar.

Mataki na 1: Zaman farko

Kada ka buɗe zaman da ba shi aiki. Tambaye shi abin da ya kawo shi, inda yake son ganin kansa bayan shekara biyar, abin da ya iya da hannunsa, da abin da ke jan ƙafarsa. Wani yana da dutin dare a asibiti sau uku a mako. Wata tana da jariri a baya. Wani albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, yana koyarwa a gefe. In ba ka san wannan tun farko ba, za ka riƙa ɗaukar gajiya a matsayin lalaci.

Daga nan ku cika yarjejeniyar tare. A rubuta ranar zaman mako, kwana nawa za ka ɗauka kafin ka mayar masa da rubutun da ya ba ka (ni kwana 14 nake sawa, kuma ina cikawa), aikin da yake nasa, maƙalar da zai zama na farko a kanta, da wanda za a je wurinsa in an samu saɓani. Ku sake duba takardar duk bayan wata shida. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar komai a baki saboda jin nauyi. Magana ta baki takan canja siffa ranar da sakamako mai kyau ya fito.

Mataki na 2: Kai shi inda bai taɓa zuwa ba

Ɗan benci ya yi mako biyu a ɗakin jinyar yara. Ya tsaya kusa da likita ya ga yadda ake auna suman yaro da ma'aunin Bilantaya, mai maki 0 zuwa 5, wanda aka ƙirƙiro a Malawi. Ya ga tafin hannun yaron da ƙarfin jininsa (himogulobin) ya sauka ƙasa da giram 5, fari fat kamar takarda, ya ji irin numfashin nan mai zurfi na yaron da jininsa ya yi tsami. Bayan wannan, lambar da ke jikin kwalba ba za ta sake zama lamba kawai a wurinsa ba.

Likita kuma ya yi mako biyu a benci. Ya shafa jini mai kauri da marar kauri a gilashi, ya rina da Giemsa, ya ƙirga ƙwayoyin cuta a kan fararen ƙwayoyin jini 200, ya lissafa yawansu a maikurolita. Ya riƙe fifet, abin ɗiban ɗigon ruwa daidai awo, har hannunsa ya daina rawa. Dukansu biyu su bi 'yan fili zuwa gidajen yaran da ake bibiya, aƙalla sau ɗaya a lokacin damina.

In cibiyarka ba ta da asibiti ko ba ta da babban ɗakin gwaji, nemi alfarma a wata cibiyar. Wasiƙa ɗaya takan isa.

Mataki na 3: Ɗan ilimin da dole ya zauna masa

Kada ka jibga masa maƙala ɗari. Zaɓi goma zuwa goma sha biyar, ɗaya a mako, ya karanta ya zo ya faɗa maka da bakinsa me aka tambaya, me aka yi, me aka gani, ina raunin yake.

Ni da aikin Cohen da McGregor da Carrington na 1961 nake farawa. A Gambiya suka tace antibodi, wato sinadaran da jiki ke yi don yaƙar ƙwayar cuta, daga jinin manyan da suka girma cikin cutar, suka ba yara masu zazzaɓi, ƙwayoyin cutar suka ragu a jininsu. Daga nan ɗalibi zai gane cewa garkuwar gaske ce kuma a cikin jini take. Sai ya fahimci tsarinta: jariri yana samun ɗan kariya a watannin farko, daga antibodin uwa da wasu dalilai, sannan ya shiga shekarun hatsari. Kariya daga mummunan ciwo takan zo da wuri, kariya daga zazzaɓi takan ɗauki shekaru, kariya daga ɗaukar ƙwayar kuwa ba ta cika. Dalili ɗaya babba shi ne falsifarum, ƙwayar maleriya mafi hatsari, tana da ƙwayoyin halitta kusan 60 da ake kira var, tana canja furotin ɗin da take ɗorawa a bayan jar ƙwayar jini kamar mai canja riga. Ɗaya daga cikinsu, VAR2CSA, shi ke manne wa mahaifa, shi ya sa mai cikin fari ta fi shiga hatsari. A ƙara masa da binciken Allison na 1954 kan kariyar da masu jinin AS suke da ita, da aikin Modiano da abokansa na 1996 a Burkina Faso, inda Fulani suka nuna ƙarancin ƙwayar cuta da yawan antibodi fiye da maƙwabtansu Mossi da Rimaibe, alhali yanki ɗaya suke zaune.

A ɓangaren jinya, binciken AQUAMAT na 2010 ya gwada magungunan artesunet da kwinin a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, mutuwa ta sauka daga kashi 10.9 a masu kwinin zuwa 8.5 a masu artesunet. Binciken FEAST na 2011, a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, ya nuna cewa ɗura wa yaro mai tsananin zazzaɓi ruwa da sauri ta jijiya ya ƙara mace-mace, saɓanin abin da kowa ya yi zato. Wannan nake ba duk ɗalibin da ya zo da tabbacin cewa ya riga ya san amsa. Haka binciken gawa da Terrie Taylor ta jagoranta a Malawi, wanda aka buga a 2004: cikin yara 31 da aka ce maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, bakwai wani abu dabam ne ajalinsu.

Yanzu ga ramin da kusan kowane sabon shiga yake faɗawa, kuma a nan nake so ka daɗe da shi. Ɗalibi zai auna antibodi a jinin yara, ya ga masu yawan antibodi su ne suka fi yin zazzaɓi, ya rikice. Ko ya ga akasin haka ya yi murna ya ce ya gano kariya. Duka biyun na iya zama ruɗu. Antibodi shaida ce ta cewa sauro ya ciji yaro, kafin ta zama shaidar kariya. Yaron da gidansu ke bakin fadama yana da antibodi da yawa saboda ana cizonsa kullum, kuma saboda wannan cizon yake yawan kwanciya. Yaron da ke kan tudu cikin gidan sauro bai yi zazzaɓi ba duk damina, ba don garkuwarsa ba, sai don ba a cije shi ba. Shekaru ma haka: babban yaro ya fi ƙarami antibodi a kan kusan komai, kuma ya fi shi kariya, ko da antibodin da kake aunawa ba shi da hannu a ciki. Ka sa ɗalibin ya zana wannan a allo da hannunsa, da kibiyoyi: shekaru, wurin zama, gidan sauro, maganin rigakafin damina, allurar rigakafi, nau'in jini. Sai ya faɗa maka yadda zai raba cizo da kariya a nasa binciken. In bai iya ba, bai shirya taɓa samfuri ba tukuna.

Mataki na 4: Fitar da tambaya

Zai zo maka da tambaya mai faɗin kogi, irin su yaya garkuwar yara take aiki. Kada ka kashe masa gwiwa, kuma kada ka miƙa masa taka tambayar ka ce ya ɗauka. Yi ta tambayarsa: waɗanne yara, masu shekara nawa, wane antibodi, a wane lokaci na shekara, idan aka kwatanta da wa? Sai ta dawo jimla ɗaya da za a iya amsawa da samfuran da ke hannu cikin wata 18.

Fagen a buɗe yake yanzu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafin maleriya ta RTS,S a Oktoban 2021 bayan gwajin da aka fara a Gana da Kenya da Malawi a 2019, ta amince da R21 a Oktoban 2023, Kamaru ta fara sa allurar cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairun 2024. Duka biyun furotin ɗaya suke hari, wanda ke jikin ƙwayar lokacin da sauro ya zuba ta, kuma antibodin da suke tayarwa yana raguwa da lokaci. Miliyoyin yara a Sahel suna shan maganin rigakafin damina tun bayan shawarar da Hukumar ta bayar a 2012. Me ke faruwa da garkuwar yaron da ya sha wannan magani shekara huɗu, ranar da ya wuce shekarun sha? Yaya tamowa ko sikila suke shafar yadda jiki ke karɓar allurar? Irin waɗannan tambayoyi wanda ke zaune kusa da yaran shi ya fi kowa damar amsa su.

Ina ba kowane ɗalibi aiki biyu. Ɗaya mai tabbas, wanda ko me ya fito za a iya buga shi, yawanci daga samfuran da ke firiza. Ɗaya mai kasada, wanda in ya ci zai ɗaga shi. Wanda aka ba mai kasada kaɗai yakan kai shekara ta uku hannu rabbana.

Ku kuma rubuta ma'anar zazzaɓin maleriya kafin a fara. A inda cutar ta yi katutu, yara da yawa suna yawo da ƙwayar lafiya lau, don haka zafin jiki da ƙwaya a jini ba su isa hujja ba. Ana haɗa zafin digiri 37.5 da wani adadin ƙwaya: a babban gwajin RTS,S sama da 5,000 a maikurolita aka sa, a Kilifi ta Kenya an yi amfani da 2,500 ga yaran da suka wuce shekara ɗaya. Ka tuna masa cewa gwajin gaggawa na HRP2 yakan ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan an warke.

Mataki na 5: Izini da jinin yara

Shi zai rubuta takardar neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kai ka gyara. Ya karanta Sanarwar Helsinki kan ɗa'ar bincike a kan mutane, ya yi kwas ɗin kyakkyawan tsarin gwajin asibiti, ya sami takardar shaida. Ya lissafa jinin da za a ɗiba da kansa: yaro mai kilo 10 jininsa duka bai wuce mililita 800 ba. Kwamiti ne zai yanke iyaka, amma ka koya masa ya nemi mafi ƙarancin abin da gwajin ke buƙata, kuma yaron da ya zo da ƙarancin jini a sake rage masa ko a ƙyale shi.

Takardar amincewa ya gwada karanta ta a harshen iyayen, ga wanda ba ma'aikacin lafiya ba. Na taɓa tsayawa a bayan wata ɗalibata tana yi wa wata uwa bayani. Matar ta saurara har ƙarshe, ɗanta a cinya, sannan ta ce, "To 'yata, in kun gama da jinin, ina za a kai ragowar?" Ɗalibar ta juyo ta dube ni. Takardarmu ba ta faɗi hakan a fili ba. Muka koma muka sake rubuta ta, muka mayar wa kwamiti: shekara nawa za a ajiye, wace ƙasa za a iya aikawa, wa zai ba da izinin sake amfani. Tun daga ranar ba na barin samfuri ya ƙetare iyaka sai da rubutacciyar yarjejeniyar miƙa samfuri, mai ɗauke da sunan ɗalibin da haƙƙinsa a kan abin da zai fito.

Mataki na 6: Hannu a benci

Ya kalli gwajin sau ɗaya, ku yi tare sau ɗaya, ya yi kana kallo, sannan ya yi shi kaɗai da jinin manya masu sa kai ko tsofaffin samfuran da ba a buƙata. Jinin yaran bincike ba na koyo ba ne. A ELISA, gwajin auna antibodi a faranti, sai ya maimaita faranti ɗaya a ranaku uku sakamakon ya zo kusa da juna kafin in sake shi. Kowane faranti ya ɗauki ma'auni biyu: haɗaɗɗen ruwan jinin manyan da suka girma cikin cutar, da na mutanen da ba su taɓa zama inda take ba. Kuma kada ya zuba duk marasa lafiya a faranti ɗaya, masu lafiya a wani. A cakuɗa su, in so samu ne ma kada ya san wanne ne wanne.

Fararen ƙwayoyin jini ba sa jira. A ware su daga jini da ruwan Ficoll cikin awa takwas da ɗiba, a sa su a ruwan daskarwa mai kashi 10 na DMSO, sinadarin da ke kare su daga ƙanƙara, su sauka a hankali, digiri ɗaya a minti, su kwana a firizar -80, washegari a mayar da su tankin naitirojin. Ruwan jini kuma a raba shi ƙananan kwalabe tun ranar farko, don narkewa da sake daskarewa na lalata shi.

Kuskuren da na fi jin zafinsa nawa ne. Na bar wani sabon ɗalibi ya rubuta lambobi a kwalabe da alƙalamin da ba na firiza ba, ban duba ba. Bayan watanni muka fito da akwatin, aka goge kwalaben da barasar tsafta, lambobin suka bi audugar. Jinin yara na damina guda, iyayensu sun amince, sun jure kuka, ya zama ba mu san na wa ne ba. Ban ɗora masa laifi ba, domin ban nuna masa ba. Yanzu lamba bugaggiya ce a takardar da ke jure sanyi, da taswirar kowane akwati a kwamfuta da kuma a littafi, kuma ana rubuta zafin firiza safe da yamma. Samfura masu muhimmanci a raba su firiza biyu da ba layin wuta ɗaya suke ba.

In babu naitirojin ko wutar ba ta da tabbas, kada ka ɗora ɗalibi a kan aikin ƙwayoyin rai. Ɗigon jini a takardar tacewa, a busar, a rufe a leda da hodar tsotse danshi, ya isa a yi aikin antibodi da na gano ƙwayar cuta ta PCR. In babu injin tantance ƙwayoyi, a tsara tambayar a kan ELISA, ko a tura ɗalibin da samfuransa wata cibiya. Shi da kansa za a tura, ba kwalaben kaɗai ba.

Mataki na 7: Lissafi

Ya rubuta tsarin lissafinsa kafin ya ga sakamako, masanin ƙididdiga ya duba, a sa kwanan wata. Wanda ya auna antijin 40, wato sassan ƙwayar cuta da antibodi ke kamawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, akwai yiwuwa babba wani ya fito kamar yana da ma'ana ta hanyar dace kawai. Asalin bayanai a kulle su, kada a taɓa, duk gyara a yi shi da rubutaccen umarni a R yadda wani zai iya maimaitawa. Sakamakon da ya nuna babu alaƙa shi ma a rubuta shi a buga.

Mataki na 8: Zaman mako da gyara

Shi zai zo da abin da za a tattauna, ya aiko maka tun jiya. Ku buɗe littafin aiki da ainihin lambobin da inji ya fitar, kada ka tsaya kan zanen da aka ƙawata. Ka riƙa tambayar me ya lalace a wannan mako, kuma ka faɗi naka da ya lalace. Ɗalibin da ke tsoron kawo mummunan labari shi ne wanda wata rana zai gyara lamba. In ka ga ya fara ɓuya, yana ɗage zama, kira shi a keɓe ka tambayi lafiya kafin ka tambayi aiki. Gyara a ɗaki ake yi, mutum biyu. Yabo kuwa a gaban jama'a.

Mataki na 9: Rubutu da suna

Ya fara da zane-zane da jadawali, sai hanyar aiki, sai sakamako, gabatarwa da tattaunawa a ƙarshe. Rubutun farko zai zo a hargitse, hannunka zai yi ƙaiƙayin sake rubuta shi duka. Daure. Gyara sakin layi ɗaya sosai, ka bayyana dalilin kowane gyara, ka mayar masa ya yi sauran. Ya fi cin lokaci a maƙala ta farko, amma a ta uku za ka ga amfaninsa.

Maganar jerin sunaye a yi ta tun kafin a fara gwaji, bisa sharuɗɗa huɗu na kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya: hannu a tsara aikin ko tattara bayanai ko fassara su, hannu a rubutu, amincewa da rubutun ƙarshe, da ɗaukar alhakin aikin. In abokan hulɗa na waje suka so mayar da ɗalibinka tsakiyar jeri a aikin da shi ya yi, kai ne za ka yi magana. Shi ba zai iya ba, yana tsoron rufe wa kansa ƙofa. Ka kuma gargaɗe shi kan mujallun bogi masu aiko saƙon gayyata su karɓi kuɗi su buga komai cikin mako guda. In kuɗin bugawa ya gagara, mujallu da yawa suna yafewa ko ragewa ga masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma sai an nema tun lokacin miƙa maƙalar.

Mataki na 10: Kuɗi da mutane

A fara da ƙanana: tallafin zuwa taro, ƙaramin tallafin jami'a. Ya kai aikinsa taron MIM, gamayyar binciken maleriya da aka kafa a Dakar a 1997, ko taron shekara na ƙungiyar ASTMH ta Amurka, ta masana cututtukan ƙasashe masu zafi. A wurin taro kada ka bar shi a tsaye jikin allonsa shi kaɗai. Kama hannunsa ka kai shi gaban manyan fannin, ka ce ga wanda ya yi aikin nan, sannan ka ja da baya.

Manyan ƙofofin tallafi su ne EDCTP, da Wellcome, da shirin TDR da ke Janeba, da DELTAS Afirka, da tallafin K43 na cibiyar Fogarty. Sharuɗɗansu da lokutansu suna canjawa, don haka ku riƙe jadawali ku duba shi duk wata uku. A fara rubutu wata huɗu kafin ranar rufewa, a ba mutum biyu da ba su san aikin ba su karanta, a yi masa gwajin ganawa mai tsanani kamar ta gaske. Za a ƙi shi, wataƙila sau biyu ko uku. Ba shi kwana biyu ya huce, sannan ku zauna da sharhin masu dubawa layi bayan layi.

In zai tafi waje koyon wata fasaha, a shirya dawowarsa kafin tafiyarsa: benci, albashi, da kayan da zai yi aiki da su. Haka marigayi Ogobara Doumbo ya gina cibiyar binciken maleriya ta Bamako, yana tura matasa suna dawowa suna tarar da wurin zama. Ga ɗalibai mata kuma, haɗa su da manyan mata na fannin. Farfesa Rose Leke ta Kamaru, wadda ta yi suna a binciken maleriyar masu ciki, ta kafa gamayya musamman don renon matasan mata masu bincike. Haihuwa da reno a sa su cikin jadawalin aiki tun farko, a tsawaita wa'adi, a sami wanda zai riƙe samfura kafin ta dawo.

Mataki na 11: Sakin hannu

Alamar lokaci ya yi ita ce ranar da ya yi maka musu a kan fassarar wani sakamako, ka duba ka ga shi ne da gaskiya. Daga nan ba shi ƙaramin ɗalibi ya riƙe a ƙarƙashin kulawarka. Gayyatar jawabi ko duba maƙala da ta zo maka a ɓangarensa, tura sunansa. Zaman mako ya koma na wata.

Sai ku zauna zama na ƙarshe da takarda, kamar na farko. A rubuta wace tambaya ce zai tafi da ita wadda ba za ka yi takara da shi a kanta ba, waɗanne samfura da bayanai zai ci gaba da amfani da su da izinin kwamiti, da maƙala ta farko da zai fitar babu sunanka a ciki, domin masu ba da tallafi suna duba wannan. Ku sa hannu ku biyu, jagora na biyu ya shaida, kowa ya riƙe kwafi. Wasiƙar shaidar da zai nema a wurinka nan gaba ka rubuta ta tun yanzu da abubuwan suna sabo a ranka, da misalan ainihin abin da ya yi, ka ajiye a kwamfuta, duk lokacin da ya buƙata sai ka sabunta kwanan wata ka ƙara abin da ya ƙaru.